Maƙwabtan Adamasingba: Ziyara a Sabo ta Badun

Tsakanin unguwar Sabo da filin wasa na Adamasingba babu tazarar da za ta sa mai lafiya ya nemi abin hawa. Ranar da Shooting Stars ke karɓar baƙi, ɗan canjin da ke bakin titi ba ya buƙatar rediyo kafin ya san an ci. Ihun 'yan kallo ne zai taso, ya tsallako rufin gidaje, ya iske shi a kan bencinsa. In ihun ya ja lokaci, ga ganguna na bin bayansa, to 'yan gida ne suka zura. In kuwa shiru ya yi yawa, an san baƙi sun yi ɓarna. Tsohuwar unguwar Hausawan Badun da gidan ƙungiyar da mutanen garin ke ji da ita, saura kaɗan su haɗa bango. Cikin duk abin da na gani a garin nan, babu wanda ya zauna mini a rai kamar wannan maƙwabtaka.

Ta hanyar Ilori na shiga. Wanda ya taɓa binta ya san yadda ƙasa ke sauyawa da zarar an ƙetare gadar Jebba: itatuwa su fara haɗa kai, iska ta yi nauyi, gumi ya daina bushewa a jiki. A wuce Ogbomosho, a wuce Oyo, sai ga Badun ta bazu a kan tuddai, tsofaffin rufin kwano da tsatsa ta rina iya ganin ido. Gari ne mai faɗin gaske, mai haƙuri, ba shi da gaggawar Ikko. 'Yan ƙananan tasi ƙirar Micra na kurɗawa ko'ina, direba ya leƙo kai yana kiran Dugbe, yana kiran Mokola, yana kiran Ojoo. Daga ƙarƙashin gadar sama ta Mokola, in ka ɗan taka, kunnenka ne zai fara shaida maka ka iso. Sallama da Hausa, ciniki da Hausa, yara na tsokanar juna da Hausa. Sai hanci ya biyo baya da hayaƙin tsire da ƙamshin turare da tururin shayi.

Unguwar ta girmi filin nesa ba kusa ba. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan wuri, lokacin yana gefen gari, daura da inda Turawa ke sukuwar dawaki. Kafin nan a warwatse suke cikin gidajen Yarabawa, a kewayen kasuwanni. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fataucin da a da ake yi da ƙafa da jakuna wata da watanni ya koma na 'yan kwanaki. Kaya biyu ne suka gina Sabo: shanu su gangaro, goro ya hau. Dukansu kuwa ba sa jiran mai nawa. Saniyar Arewa in ta daɗe a kurmi, tsando ya cije ta, sammore ya kama ta, sai ta rame a hannun mai ita. Goro kuma in ba a iya ɗaurin huhunsa da ganyen fita ba, ba a riƙa buɗewa ana tsince ruɓaɓɓen ba, kafin ya kai Kano ya zama asara. Ciniki irin wannan a kan bashi yake tafiya, bashi kuma ba ya yiwuwa sai da amana. Bafatake ya sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kuɗi, dillalan gidan su nemo mahauta, maigida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ɗauki sa ya ƙi biya, maigida ne a ciki.

Wani masanin zamantakewar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar tsakanin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969 mai suna Custom and Politics in Urban Africa. Mutum dubu huɗu da 'yan kai ya tarar a lokacin. Ya nuna yadda a farkon shekarun 1950 akasarin mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka kafa tasu sallar Juma'a a cikin unguwa, da yadda wannan ya ƙara ɗaure su waje guda a daidai lokacin da mulkin Turawa ke tattara komatsansa. Har yau in magariba ta yi za ka ji sautin wazifa yana fitowa daga lunguna.

Yanzu kasuwar shanu ta yi nisa da unguwar, sunan Sabo ya fi fita da canjin kuɗi da tsire da ɗinkin manyan riguna. Amma tarbiyyar nan ta amana ba ta tafi ko'ina ba. Na ga Bayarabe ya tsayar da motarsa, ya miƙa wa wani matashi daloli ta taga, matashin ya ɓace cikin lungu da su, mai kuɗin kuwa ya ci gaba da amsa wayarsa ko a jikinsa. Na ga yaran da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan aka haife su, suna juya harshe daga Hausa zuwa Yarabanci a tsakiyar magana ba tare da sun lura ba. Da rana su ci amala da miyar gbegiri da ewedu, da dare tuwon shinkafa da miyar kuka. Sarkin Hausawa na nan da fadarsa, yana kashe rigima tun ba ta kai gaban 'yan sanda ba, yana kuma kai gaisuwa fadar Olubadan, sarkin garin. Ba ina cewa zaman ba ya taɓa tashin ƙura ba. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, can arewacin garin, ya ci rayuka da dukiya, kuma ba a manta ba. Sai dai mutanen da suka haura shekara ɗari a wuri ɗaya, ba su zubar da harshensu ba, ba su kuma zama baƙin da ake jira su tafi ba, sun san wani abu game da zaman tare da ya kamata mu na gida mu zauna mu koya.

Filin da ke maƙwabtaka da su a kan tsohon filin sukuwar aka gina shi. An buɗe shi a 1988, daga baya aka sa masa sunan Cif Lekan Salami, mutumin da ya ba da ƙarfinsa da dukiyarsa ga ƙungiyar garin. Gwamnatin Seyi Makinde ta sabunta shi, aka sake buɗe shi a 2021. Ƙungiyar kuwa ba ƙaramar aba ba ce a tarihin ƙwallon ƙasar nan. Tana amsa sunan IICC Shooting Stars lokacin da ta doke Tonnerre ta Yawunde a 1976, ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka, ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta kawo kofin nahiya gida. A 1992 da aka ƙirƙiro kofin CAF, ita ta fara ɗaga shi, bayan ta lallasa Nakivubo Villa ta Yuganda da ci uku da nema a Badun. Sau biyu tana kaiwa wasan ƙarshe na babban kofin zakarun Afirka, a 1984 da 1996, sau biyun kuma Zamalek ta Masar ce ta tare mata hanya, na biyun ma a bugun fenareti. Kofin gasar ƙasa sau biyar ta ci: 1976, 1980, 1983, 1995 da 1998. Ranar da Najeriya ta doke Aljeriya uku da nema a Ikko ta ɗauki kofin Afirka na 1980, Segun Odegbami ne ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Best Ogedegbe na tsaron raga. Dukansu 'yan Shooting Stars ne.

Dattawan Sabo in suna ba da wannan tarihi ba sa ba da shi a matsayin na wasu. Suna kuma da hujja. Felix Owolabi daga Raccah Rovers ta Kano ya taho, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 1978, ya zauna a Badun har sai da ya ɗaga kofin 1992. Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara, Shooting Stars ta ɗauko shi a farkon shekarun 1980. Bayan ya zaga duniya, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, Badun ya dawo ya zauna har rasuwarsa a 2012. Hanyar da shanu suka bi suka gangaro, ita 'yan wasa suka bi.

A majalisar da maigidan da na sauka wurinsa ke zama bayan sallar isha'i, gaban wani mai shayi, na tarar da gardamar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ba a kan Arsenal ko Barcelona ake yinta ba, duk da gidajen kallon ƙwallo sun cika unguwar. A kan gasar Firimiyar Najeriya ce: a bar ƙungiyoyi ashirin a teburi ɗaya, kowa ya je gidan kowa, ko a raba su rukuni biyu? In za a raba, da wane ma'auni? Wace ƙungiya za a jefa ina?

Tambayar ba ta banza ba ce, domin an sha gwada mu da ita. A kakar 2006 da ta 2007 an raba gasar gida biyu, goma-goma, huɗun da suka fi ƙoƙari suka haɗu a ƙarshe. Ocean Boys ta ci ta farko, Enyimba ta ci ta biyun bayan ta doke Gombe United. Aka koma teburi ɗaya, a nan ne Kano Pillars ta ɗauki kofinta na farko a 2008, ta kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ya tsayar da kakar 2018 bayan wasa 24, ba a kori kowa ba, aka ƙaro huɗu daga ƙasa, ƙungiyoyi suka zama 24. Dole a 2019 aka yanka su biyu, sha biyu-sha biyu, shida suka haɗu a Agege, Enyimba ta yi ta ɗaya, Pillars ta biyu. A 2023 kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye ya sake rabawa domin a gama da wuri a daidaita da kalandar ƙwallon Afirka. Kowace ƙungiya wasa 18 ta buga maimakon 38, shida suka taru a Onikan, Enyimba ta sake ɗauka. Wasu ƙungiyoyin sun yi ta ƙorafi kafin a fara, amma aka buga. Abin lura shi ne rabon 2023 bai bi taswira ba. Rukunin Shooting Stars ya ƙunshi El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, da Gombe United, da Plateau United ta Jos, da Akwa United ta Uyo. A gasar da ke ƙasa da Firimiya kuwa, wadda muke kira ta gajiyayyu, taswirar ake bi: rukunonin Arewa daban, na Kudu daban, sai a wasannin neman hawa ake haɗuwa.

Mai goyon bayan a raba wani matashi ne direban motar haya, wanda hanyar Badun zuwa Kano ta zama masa gida. Maganarsa ba ta da ado, kuma duk wanda ya san hanyar ba zai yi masa dariya ba. Daga nan zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, zuwa Maiduguri kuwa ya haura haka da nisa. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, albashi ma wani lokacin sai an yi ta jira, balle kuɗin jirgin sama. Ɗan wasa ya kwana biyu a naɗe cikin bas, ya sauko ƙafa a kumbure, gobe a ce ya yi gudun minti casa'in. Ya tuna wa majalisa watan Maris na 2015, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri, suka raunata 'yan wasa har da Gambo Muhammad. Ya tuna motar Wikki Tourists da ta ƙone ƙurmus a Hawan Kibo a 2021.

"Baba, rai fa ake magana," in ji shi. "A bar na Arewa su buga da na Arewa, na Kudu da na Kudu. Zakarun su haɗu a Abuja. Wa aka cuta?"

Wanda ya kira Baba dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a dillancin shanu. Bai yi saurin amsawa ba, sai da ya kurɓi shayinsa.

"Ni aka cuta, yaro. Ni da jikokina."

Ya ce a lissafa. Shooting Stars ta faɗa gasar gajiyayyu a ƙarshen kakar 2017, ba ta dawo ba sai 2021. Tana dawowa, kaka ɗaya suka yi tare da Pillars, ita ma Pillars ta faɗa a 2022, sai a 2023 ta hawo tare da Katsina United. Wato daga 2018 zuwa 2023, kaka shida, a ɗaya tak ƙungiyoyin biyu suka zauna a gasa guda. Wannan ƙaddara ce ta wasa, wanda ya kasa ya sauka, babu mai jin haushin kowa. Amma a zauna a ofis a ja layi a ce daga yau Pillars ba za ta ƙara takowa Adamasingba ba, El-Kanemi ba za ta zo ba, Katsina ba za ta zo ba, wannan ba ƙaddara ba ce, yankan zumunci ne. Ya ce ranar da ƙungiyar Arewa ta sauka a garin nan, Sabo ba ta barci. Ana kai wa 'yan wasa abinci masauki, ana jan su masallaci, yaron da bai taɓa ganin Kano ba ya ga mutanen garin kakansa da idonsa. Wasu samarin su sa ruwan ɗorawa da kore suna kiran "Sai Masu Gida", wasu su ƙi cire shuɗiyar rigarsu ta Shooting, daga gida ɗaya suka fito, gida ɗaya za su koma.

"Da a ce shanu sun tsaya a Arewa, goro ya tsaya a Kudu," in ji shi, "da wa zai san da wata Sabo? Kowa ya riƙe nasa ai kasuwa ta mutu. Haka ƙwallon take."

Na kwana ina juya maganganun biyu, domin kowannensu da gaskiyarsa. Sai na tuna ba mu kaɗai ke da babbar ƙasa da doguwar hanya ba. Amurkawa sun fi shekara hamsin suna wannan gardama a kan besbol, wasansu na dukan 'yar ƙwallo da kulki a zagaya fili da gudu. Ƙungiyoyi 30 ne a manyan gasanninsu biyu, American League da National League, kowace tana buga wasa 162 a kaka, a ƙasar da daga Niyok zuwa Los Angeles kusan kilomita 4,000 ne. Su ba su da faɗawa ƙaramar gasa, ƙungiya ba ta sauka, sai dai a matsar da ita daga rukuni zuwa rukuni, ko ta kwashe kayanta ta sauya gari. A 1969 suka fara raba kowace gasa gabas da yamma, kuma tun ranar farko taswira ta sha kaye. Aka jefa Atlanta da Cincinnati a yamma, alhali Chicago Cubs da St. Louis Cardinals, waɗanda suka fi su kusa da yamma, suna gabas. Dalili shi ne Cubs da Cardinals tsofaffin abokan hamayya ne, ba su yarda a raba su ba, sun kuma fi son zama da ƙungiyoyin gabas. Atlanta ta yi shekara 25 tana ƙetare ƙasa zuwa Kalifoniya. A 1992 shugaban wasan, Fay Vincent, ya ba da umarnin a gyara, Cubs ta maka shi a kotu, kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki. Sai a 1994 aka koma rukuni uku-uku. A 1998 Milwaukee Brewers ta tsallaka daga wannan gasa zuwa waccan, a 2013 Houston Astros ta yi nata tsallaken ta ɗaya gefen, aka daidaita 15 da 15.

Abu biyu na ɗauka daga labarinsu. Na farko, sun san hamayya dukiya ce. Ko a 1958 da Dodgers da Giants suka bar Niyok, tare suka tafi Kalifoniya, ɗaya Los Angeles ɗaya San Francisco, suka ci gaba da adawarsu a can. Kuma a 2023, shekarar da mu muka yanka gasarmu biyu, su a shekarar suka fara jadawalin da kowace ƙungiya za ta haɗu da sauran 29 ɗin duka a kaka guda, domin mai kallo a kowane gari ya samu ganin kowa. Na biyu, kuma shi ya fi shafar direban nan namu: ba a ƙetare ƙasa don wasa ɗaya. Ƙungiya in ta fita, takan buga wasa uku ko huɗu a gari ɗaya, ta wuce gari na kusa ta yi haka, sannan ta koma gida ta zauna ita ma ta karɓi baƙi a jere. Ƙwallon ƙafa ba ta ɗaukar wasa kullum, jiki ba zai iya ba. Amma hikimar haɗa tafiya ba ta da wuyar aro. Daga Badun zuwa Ikenne, gidan Remo Stars da ta ci gasar 2025, tafiyar awa guda ce da 'yan mintuna, a ƙasar goron nan ta Shagamu da Hausawa suka daɗe da sani. Me zai hana Pillars ta buga a Adamasingba ranar Lahadi, ta kwana uku, ta buga a Ikenne ranar Laraba ko Alhamis, ta koma? Me zai hana Shooting Stars ta haɗa Kano da Katsina a fita ɗaya?

Ranar wasa na bi samarin gidan da na sauka muka taka zuwa filin. Tun daga nesa titi ya zama shuɗi. Masu rake da masu gyaɗa da masu tsire, yawancinsu 'yan Sabo, sun riga kowa kama wuri. A ciki makaɗan Yarabawa sun rataya gangunansu masu kama da kalangu, suna matse su a hammata suna sa su magana, jama'a na amsawa. Akwai tsofaffi masu furfura da suka ga zamanin Odegbami a filin Liberty, sun zo da jikokinsu. Akwai mata da yawa, suna zaune hankali kwance, abin da na yi fatan gani a filayenmu. Kusa da ni wani saurayi mai hular zanna yana yi wa alƙalin wasa tsawa da Yarabanci, ya juyo ya fassara mini da Hausa, ya koma ya ci gaba. Da ƙungiyar baƙi ta yi wata kyakkyawar taɓawa, na ji tafi daga ɓangaren 'yan gida. Ba kowa ya tafa ba, amma an tafa. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 1998 ta faɗa ƙaramar gasa a 1999, ta sake faɗawa a 2006 da 2013 da 2017, amma mutanenta ba su watse ba. Wanda ya sha hawa da sauka haka ya san baƙon da ya zo yau, gidansa za a je gobe.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Oktoban 2025 ya yi mini ciwo ƙwarai. A wasanta da Pillars, Shooting Stars ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalai da baƙi, hukumar gasa ta ci Pillars tara ta kuma zabge mata maki uku. Makin ba shi ne babbar asarar ba. Duk dutsen da aka jefi ɗan wasan Badun da shi a Kano, akwai Bahaushen da zai buɗe shagonsa washegari a tsakiyar Yarabawa, ya haɗa ido da maƙwabcinsa. Kuma duk irin wannan rana ƙarin hujja ce ga masu cewa a raba gasar kowa ya tsaya a yankinsa. Mu da muke kiran kanmu masu karɓar baƙi, bai kamata a ce a Badun za a koya mana yadda ake sallamar baƙo lafiya ba.

Ga inda na tsaya. A ƙaramar gasa a ci gaba da bin taswira, domin ƙungiyoyin can ba su da ƙarfin doguwar tafiya, kuma wasan maƙwabta shi ke tara musu 'yan kallo. Amma Firimiya a bar ta teburi ɗaya, ƙungiya ashirin, gida da waje. In wata shekara larura ta tilasta a taƙaita, a cakuɗa rukunonin kamar yadda aka yi a 2023, kada a taɓa jan layi a bakin kogin Kwara da na Binuwai a ce nan Arewa nan Kudu. Kukan direban nan kuma kada a bar shi ya tafi a banza, domin shi ma gaskiya ya faɗa. Hukumar gasa ta zauna da taswira da direbobin ƙungiyoyi kafin ta fitar da jadawali, ta haɗa tafiye-tafiyen nesa biyu-biyu, ta haramta tafiyar dare, ta kuma ware wani kaso na kuɗin masu ɗaukar nauyi domin tikitin jirgi a hanyoyin da suka fi tsawo da haɗari. Gwamnonin da ke riƙe da ƙungiyoyin nan su ma su biya haƙƙin yaran a kan kari. Wannan duka ya fi sauƙi a kan raba gasar, kuma ana iya fara shi daga kaka mai zuwa.